Jan Ruwa Ƙarƙashin Tsohuwar Gada

Ranar Laraba ce, cikin makon ƙarshe na watan Agusta, wajen ƙarfe biyar na yamma. Mu uku ne a gidanmu na unguwar Wadata, a Yamai. Ni ina zaune a kan tabarma a gindin dogon yaro, maiɗakina tana tsintar shinkafa a faifai, 'yarmu ta fari kuma tana madafa tana wanke tukwanen da an riga an wanke, inda za ta ji komai ba tare da an ce da ita ake maganar ba.

Maiɗakina ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, wai yarinyar nan ta ce in da hali tana son gada."

Na ce, "Wace gada?"

"Gada nawa ta taka a rayuwarta? Tsohuwar mana. Irin zanen nan naka na fenti. Wai ta rataya a ɗakinta can Damagaram."

Ƙarar tukwane ta tsaya. Na ce, "To, a ga abin da Allah zai yi." Ƙarar ta ci gaba.

Mu mutanen Maraɗi ne, kuma a gidan da na taso uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban jama'a. Ƙannenta na yi wasa da su, na ɗauke su a wuya. Ita kuwa tun tana goye "yarinyar nan" nake ce mata, ita ma ko alawa ba ta taɓa roƙona baki da baki ba. Uwarta haifaffiyar Yamai ce, ta daɗe da sassauta tata kunyar, saboda haka komai ta hannunta yake bi.

Yanzu ga yarinya ta girma, ta zama ungozoma, an sa ranar aurenta ƙarshen Oktoba da wani malamin makaranta da ke aiki a Damagaram. Karatunta duka a ƙetaren kogi ta yi shi, kullum ta haye tsohuwar gada da safe ta dawo da la'asar. Kayan ɗakinta za su riga ta tafiya a cikin kamiyo, babbar motar kaya, domin mata su yi jere kafin a kai ta. Abin da na ƙudura shi ne tablon, wato zanen, ya shiga wannan kamiyo, tsakanin katifu da kwanoni, kamar kowane kaya. In ya tafi haka, ba wanda zai tambayi daga ina ya fito. In kuwa ya makara, sai dai in aika shi daga baya shi kaɗai, a karɓa a tasha ana cewa ga saƙon uban amarya. Wannan ba zan iya ba.

Zanen fenti tun ina ɗan makaranta a lakwal na koye shi wajen wani malaminmu. Na ajiye shi duk shekarun da na yi ina karanta labarai da Hausa a gidan rediyo, na koma masa bayan na bar aiki, amma ban taɓa zana abin da ya fi faifai girma ba. Wannan karon na je unguwar Kalley, wani butik, ƙaramin kanti bayan babbar kasuwa inda ake sayar da kayan 'yan makaranta, na sayo ƙyalle mai kauri, faɗinsa ya kusa gaba guda. Kafintan unguwarmu ya haɗa mini katako, na ja ƙyallen na kafe shi da ƙananan ƙusoshi har ya yi tauri kamar fatar ganga, na shafe shi da fari, na bar shi ya sha iska.

Sannan na fara zuwa bakin kogi da takarda da gawayi. Ranar farko na zauna kusa da bakin gadar, inda ake ganin ƙafafunta a jere. Ban yi nisa ba wani mai kaki ya tsaya a kaina. Ya gaishe ni da ladabi, ya duba takardar, ya ce, "Baba, nan ba a ɗaukar hoto." Na ce ba hoto nake ɗauka ba, zane nake yi. Ya ce, "To, zanen ma a matsa da shi gaba." Na matsa. Inda na samu zama shi ne can ƙasa wajen masu wanki, daga can kuwa rabin ƙafafun gadar a bayan ciyawar tsibiri suke. Dole na riƙa hawa taksi ina hayewa ina dawowa, ina leƙe ta taga, ina riƙe abin da na gani a ka har in sauka in zana.

Masu wanki ba su bar ni na rasa shawara ba. Wani dattijo Bazabarme, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, kullum sai ya zo ya tsaya bayana da kumfa a hannu.

"Alhaji, fofo, sannu. Ina raƙumi?"

"Yau ba raƙumi."

"Gada babu raƙumi, wannan gada na wani gari ne. Sa raƙumi, sa tabarma bisa."

Na sa raƙumi, ɗan ƙarami, can tsakiya, don in huta.

Matsalar gaske ruwan ne. A ƙarshen damina kogin Yamai ja yake, saboda ƙoramu suna kwaso jar ƙasa suna zuba masa. Abin da na gani shi na sa. Na haɗa ja mai duhu da ɗan ruwan ɗorawa da fari, na shimfiɗa shi siriri daga gefe zuwa gefe, na ja inuwar ƙafafun gadar a ciki sama-sama. Da na jingina tablon a bango na ja da baya, maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, wannan kogi ne, ko miyar dage-dage ce ta zube?" Gaskiya ta faɗa. Na yanke shawarar in bar jan nan ya bushe a ƙasa, in gama sama da gada, in jira Oktoba lokacin da ruwan ke fara washewa, sannan in ɗora kogin kirki a kai.

Fentin mai ba ya son gaggawa. Ba da ruwa ake dama shi ba. Ana sassauta shi da wani mai da ake kira man lin, a gauraya da tarabantin, wani ruwa mai wari kamar kananzir. Amfanin man lin shi ne yana daskarewa in ya sha iska, ya kama launi ya riƙe. Ba a ɗora shafi sai na ƙasa ya bushe, kuma na sama ya fi na ƙasa mai. Nawa haɗin a cikin wata tsohuwar kwalbar magani mai duhu yake, ina tsiyayar kaɗan a murfin gwangwani in zan yi aiki.

Watan Satumba a kan gada ya ƙare. Ƙafafunta suka ba ni wuya. In na daidaita na kusa, na nesa su karkace. In na gyara na nesa, sai gadar ta yi kamar tana gangarawa cikin ruwa. Na kankare da wuƙa na sake, na kuma kankarewa, har na matsar da su duka kaɗan zuwa dama kafin suka tsaya yadda gada ke tsayawa. Sama na ba ta launin la'asar sakaliya. Tuddan ƙetare masu shimfiɗaɗɗen kai na sa su can baya, shuɗi-shuɗi. A kan gadar na jera taksi da kabu-kabu da masu tafiya a ƙasa waɗanda ba su fi ƙwayar shinkafa girma ba. Ɗaya daga cikinsu na ɗiga mata fari, ban gaya wa kowa dalili ba.

Ana cikin haka kwalba ta yi sauƙi. Na koma Kalley, mai butik ya ce, "Alhaji, man lin ya yanke, amma kaya na hanya." Na sake komawa, kaya na nan a hanya. Na zagaya masu sayar da fentin gini a Wadata, kowa na tambaya sai ya miƙo mini tarabantin. Na girgiza kwalbar a kunne na auna. In na yi tsimi zai ishi kogi, ba ƙari.

Saura kamar mako biyu kamiyo ya tashi, yayata ta iso daga Maraɗi. Ita ce babbar gidanmu, ita ta goya ni, kuma a bikin 'yar ƙanenta ba a tsallake maganarta. Ta zo da buhunan gero, da mata uku masu suya, da manyan bido, wato jarkoki, na man gyaɗa sabon matsa. Kafin ta cire mayafi ta buɗe ɗakin da nake zane ta ce, "Nan za a tara kayan ɗiya. Kai ɗan rediyo, kwashe wasanninka."

Da na ce mata wannan ma kayan ɗiya ne, da magana ta ƙare a nan. Na buɗe baki, na ga matan nan uku suna kallona, na kwashe. Na koma rumfar kwano da ke bayan madafa, inda ake ajiye itace da karyayyun kujeru, ba ƙofa ba makulli. Daga ranar gidan ya zama gidan suya. Cincin, dubulan, alkaki. Tun hantsi har magariba mai na tafasa a kasko, ƙamshinsa ya shiga tufafi, ya shiga ruwan sha, ya shiga hanci ya zauna.

Wata yamma a tsakar gida maiɗakina ta tambaye ni ko an samu man. Na ce ba a samu ba, na kwalbar ma ya kusa ƙarewa, ban san ko zai kai ni ba. Yaya tana gefe tana murza dubulan.

Ba a daɗe ba na je bakin kogi da la'asar na tarar ruwan ya washe. Ya koma toka-toka mai ɗan kore, sama tana kwance a kansa. Washegari da safe na shiga rumfa. Da na ɗaga kwalbar na ji ta fi yadda na bar ta nauyi, na ɗauka tsoro ne ya sa na raina abin da ya rage. Na shinshina, warin tarabantin na ji, da ƙamshin suyar da ke ko'ina. Na yi hamdala na saki hannu.

Ban taɓa aiki mai daɗi irin na wannan safiya ba. Fenti yana bin buroshi kamar ya san hanya. Na rufe jan nan gaba ɗaya, na kwantar da hasken sama a kan ruwa, na sauko da inuwar kowace ƙafa daidai ƙarƙashinta, na karkarya ta da ƙananan igiyoyin ruwa. Na sa kwalekwale ɗaya a gefen tsibiri. Kafin azahar na gama. Maiɗakina ta zo ta tsaya, ta daɗe tana kallo, ta ce, "To, yanzu kam an ga kogi." Shafi irin wannan, a zafin Oktoba, cikin mako yake daina kama yatsa. Lokaci ya isa, har da rara.

Na bar shi ya huta, sannan na taɓa kusurwar ƙasa da ƙaramin yatsa. Ya fito kore. Ban damu ba. Na sake taɓawa bayan kwana biyu, ya fito kore, kuma ruwan yana ƙyalli kamar yanzu na ɗauke buroshi. A aikin rediyo an koya mana kada mu faɗi dalilin abu sai mun kore sauran dalilai, saboda haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ko na yi kauri? Kwalekwalen ya fi ko'ina kauri, amma wurin da ya fi sirantaka ma bai bushe ba. Ko fentin ne ya tsufa? Da wannan farin na yi sama, ga ta a bushe ƙayau. Ko tururin madafa ne? Na ɗauke tablon na kai shi zaure, inda iska ke ratsawa. Ba abin da ya sake.

Saura kwana biyu a yi lodi, na shiga zaure da hantsi na ga layin kiyashi. Sun taso daga gindin bango, sun hau katakon, sun wuce ta gefe ba su kula sama ba, ba su kula gada ba, suka sauka cikin kogi suka maƙale. Kiyashi ba sa cin man lin. Na ɗauki kwalbar na fita waje, na yi tafiya har bakin titi inda ƙamshin gidanmu ba ya kaiwa, na ɗiga kaɗan a tafin hannu, na jira tarabantin ya tashi, na shinshina. Ƙuli-ƙuli.

Na sami Yaya a bakin murhu. Na ce, "Yaya, ko kin taɓa kwalbar nan?"

"Na taɓa. Mi ya faru?"

"Me kika zuba a ciki?"

"Mai mana. Ba kai na ji kana kukan mai ya ƙare ba? Gida cike da mai, ƙanena na yawon kasuwa yana nema? Na cika maka ita har wuya. Ko sannu ba ka ce ba, na ce halin 'yan boko ne."

"Yaya, man gyaɗa ba ya bushewa."

"Wa ya ce maka ana son ya bushe? Man da ya bushe ai ya lalace."

Matan suya suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Alhaji, kawo mu tsoma shi a kasko, ya fito da ƙarfi kamar cincin." Na yi musu bayani a tsanake, yadda man lin ke daskarewa, yadda na gyaɗa ke zama ɗanye har abada. Na ce jibi kamiyo zai tashi.

Yaya ta ce, "To mi ya haɗa kamiyo da wasanka? In bai bushe bana ba, ya bushe baɗi. Wa ke jiran shi?"

Na tsaya da kwalba a hannu. Amsar kalma biyu ce, na kasa fitar da ita a gaban matan nan. Maiɗakina ce ta amsa daga bakin ƙofa: "Yaya, na yarinyar ne. Ita ta roƙa. Cikin kayanta zai tafi."

Dariya ta ɗauke. Yaya ta ajiye ludayi, ta dube ni ta ce, "Kai kuwa da bakinka, mi ya hana ka faɗi tun ranar da na zo?" Ba ta jira amsa ba. "Ko da yake, tsohonmu ma haka ya yi da ni. Har ya koma ga Allah ban ji sunana a bakinsa ba." Ta goge hannu a zane ta miƙe. "Ku ɗauko abin nan a kai shi rana. Ban taɓa ganin abin da ranar Yamai ta kasa busarwa ba."

Na ce kada a yi. Na faɗa sau biyu. Amma yanzu aikin ya zama nata, kuma Yaya in ta ɗauki gyara ba ta saurara. Aka jingina tablon a bangon tsakar gida, rana ta buge shi tun daga tsaka har la'asar. Zafi ya narkar da shafin. Inuwar ƙafafun gadar ta fara zamewa ƙasa, kwalekwalen ya yi jela, kore ya riƙa ɗiga a kan siminti. Garin neman gira an rasa ido. Yaya ta tsaya tana kallo, hannu a haɓa, ta ce, "Ikon Allah." Iyakar ban haƙurin da na samu ke nan, kuma ban nemi wani ba.

Abin da ya rage ɗaya ne. Washegari bayan azahar na shimfiɗa tablon a kan tabarma, na ɗauki wuƙar fenti na fara kwashe kogin. Yana tasowa lagwada-lagwada, ina shafe shi a jikin takarda. Aikin safiya guda, mafi kyan abin da hannuna ya taɓa yi, ya koma dunƙulen toka a tsohuwar jarida. Sannan na bi da tsumma da tarabantin. Yaya ce ta yayyaga tsohon zanenta tana miƙo mini. In na danna, jan da ke ƙasa ya biyo tsumma. In na sassauta, maiƙo ya zauna. Tsakanin ƙafafun gadar sai da na naɗa auduga a tsinken ashana.

Kafin magariba jan kogin Agusta ya dawo. Siriri ne, a wasu wuraren ana ganin saƙar ƙyalle, a wasu kuma maiƙo ya bar tabo mai duhu. Babu man da zan gyara da shi, na kwalbar ya riga ya gurɓace. Abin da ya fi ci mini rai shi ne inuwar. Na ja ta ne kafin in matsar da ƙafafun zuwa dama, saboda haka kowace ƙafa tana tsaye a wuri ɗaya, inuwarta tana kwance a wani. Sama ta Oktoba, ruwa na Agusta. Na taɓa da yatsa, ya fito fes.

Yarinyar ta zo wucewa da kwano a ka. Na ji ta tsaya bayana, ban waiwaya ba. Ta ɗan jima, sannan ta ɗaga murya wajen madafa ta ce, "Inna, ki ce an gode." Ta wuce.

Daga baya na ce wa maiɗakina gara da ba ta ga na farkon ba, ba za ta san abin da aka rasa ba. Ta ce, "Wa ya gaya maka? Kullum in ka tafi masallaci sai ta shiga rumfar nan. Har kwalekwalen ta nuna mini."

Da safe Yaya ta naɗe tablon da kanta cikin sabon zane, ta sa shi tsakanin katifu biyu, ta ja wa direba kunne cewa in ya ɗora ko murfin tukunya a kai za su haɗu. Kamiyo ya tashi da hantsi. Matan da suka je jere sun dawo sun ce an rataye shi a falo, bisa kujeru, kuma dangin ango sun yaba raƙumin.

Man lin ya iso butik ɗin Kalley a tsakiyar watan Nuwamba.